Tambaya da Amsa: Me Masana Ke Nema a Ƙwayoyin Jikin Mutum da Suka Sauya wa Gado?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a fannin nazarin sinadaran jiki. A wata takardar bincike da aka ba mu mu karanta, na ga ana ta ambaton ƙwayoyin jikin mutum da aka kashe musu wata ƙwayar gado domin a gane aikin gilaikolifid. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan kitse ake son nazari, me ya kai masu binciken ga taɓa gado? Kuma me ya hana su yin aikin da ɓeraye kamar yadda aka saba? (Daga wata ɗaliba a Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kowace ƙwaya a jikinmu tana lulluɓe da wani siririn tantani na kitse, kuma a cikin wannan kitsen akwai wani rukuni da gindinsa ke nutse a tantanin, samansa kuwa yana ɗauke da jerin sukari da ya leƙo waje. Wannan rukunin ne ake kira gilaikolifid, kuma ire-irensa sun kai ɗaruruwa. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi sun fi ko'ina yawansa, wani sashe na alamomin rukunin jini na A da B da O a kansa yake zaune, kuma da yake shi ne ke fuskantar waje, dafin wasu ƙwayoyin cuta shi suke fara kamawa kafin su samu shiga.

Wahalar nazarinsa ita ce babu wata ƙwayar gado da aka rubuta siffarsa a cikinta. Furotin yana da ƙwayar gadonsa, idan aka kashe ta ya ɓace, a ga abin da zai biyo baya. Kitse mai sukari kuwa gina shi ake yi daki-daki a wani sashe na ƙwaya da ake kira Golgi, kowane mataki da inzayim ɗinsa, wato furotin mai gudanar da aikin. Yawancinsu daga wani kitse mai suna seramaid suke farawa. Inzayim ɗin da ƙwayar gado ta UGCG ke samarwa yana liƙa masa gulukos, na B4GALT5 ya ƙara galaktos, sai a samu laktosilseramaid, daga nan kuma hanya ta rabu. A4GALT yana kai shi ga gilaikolifid mai suna Gb3, ST3GAL5 yana kai shi ga GM3 da sauran dangin gangiliyosaid da suka cika ƙwaƙwalwa, B3GNT5 kuma yana buɗe wani reshen na daban. Tsarin ya yi kama da ban ruwa a lambun rani: wanda ya toshe magudana tun daga bakin rijiya ya busar da lambun gaba ɗaya, wanda ya toshe reshe guda kuwa fangali ɗaya ya busar, amma ruwan da ya hana shiga can zai ƙaru a sauran. To, tunda ba a iya cire kitsen kai tsaye, sai a kashe ƙwayar gadon inzayim ɗin da ke gina shi. Abin da ya kai su ga taɓa gado ke nan.

Kafin a samu wannan dama, dabaru biyu aka fi dogara da su, kuma kowacce da aibinta. Ko dai a zuba maganin da ke hana inzayim aiki, wanda sau da yawa yakan taɓa wasu inzayim ɗin da ba su aka nufa ba, ko kuma a zuba wa ƙwayoyin kitsen daga waje, alhali ba a da tabbacin ya zauna inda na asali ke zama. Wani lokaci akan yi dace. A 1994 masu bincike a Japan suka bayyana wata zuriyar ƙwayoyin ɓera mai suna GM-95 wadda ba ta iya gina wannan kitsen, kuma da taimakonta aka gano ƙwayar gadon UGCG ta mutum a 1996. Amma dace ba tsari ba ne. A 2014 Toshiyuki Yamaji da Kentaro Hanada na cibiyar nazarin cututtuka masu yaɗuwa ta Japan suka wallafa yadda suka kashe UGCG da B4GALT5 da gangan a wata zuriyar ƙwayoyin mutum da ake reno a kwalba mai suna HeLa, ta wata dabarar yankan gado mai suna TALEN. A daidai wannan lokacin wata dabarar yankan gado mai suna CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, aka kuma gwada ta a ƙwayoyin mutum a 2013, ta sauƙaƙa aikin ƙwarai. Har ta kai ga cibiyar nazarin sukarin jiki ta Jami'ar Kofenhagen, ƙarƙashin Henrik Clausen, ta fitar a 2019 da tarin zuriyoyin ƙwayoyin mutum na HEK293 da aka kashe wa kowacce wata ƙwayar gado ta ginin sukari, ta yadda mai bincike zai jera su ya gwada abu ɗaya a kansu duka.

Ga yadda aikin yake a kan teburi. Ƙwayoyin suna manne a ƙasan wata kwalbar roba mai faɗi, an rufe su da ruwan reno mai launin ja-ja, a cikin akwatin da ke riƙe zafi a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Mai bincike zai shigar musu da furotin ɗin Cas9, wato almakashin CRISPR, tare da ɗan gajeren jagora mai haruffan gado 20 da ke nuna inda za a yanka. Ƙwayar takan yi ƙoƙarin ɗinke yankan, a garin ɗinkin ta yi kuskure, ƙwayar gadon ta lalace. Sai dai ba duka ƙwayoyin ke lalacewa iri ɗaya ba, don haka ake tsinkar su ɗaya-ɗaya a zuba a faranti mai ramuka 96, a jira makonni har kowace guda ta hayayyafa ta zama zuriya. Daga nan a karanta gadonta, a tatsi kitsenta a auna a tabbatar abin da aka so cirewa ya tafi, sannan a daskarar da wani kaso a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne zuriya biyu masu gado ɗaya in ban da wuri guda, kuma duk ƙarfin dabarar a nan yake, domin duk bambancin da aka gani tsakaninsu akwai inda za a ɗora shi.

Misalin da na fi so shi ne na dafin Shiga, wanda wasu nau'o'in bakteriyar E. coli ke fitarwa. Shi ne ya yi ɓarna a Jamus a 2011, inda tsiron hulba da aka ci ɗanye ya kwantar da kusan mutum 4,000, sama da 50 suka rasu, ɗaruruwa kuma ƙodarsu ta taɓu. An daɗe da sanin Gb3 dafin ke kamawa, kuma ƙoda na da shi da yawa. Abin da aka so ganowa shi ne duk abubuwan da ƙwaya ke buƙata kafin Gb3 ya fito fuskarta. Sai aka ɗauki miliyoyin ƙwayoyi, aka kashe wa kowacce ƙwayar gado guda daga cikin kusan 20,000 da mutum ke da su, aka zuba musu dafin, akasarinsu suka mutu, aka tattara tsirarun da suka tsira aka duba me aka kashe musu. Ɗakin binciken Min Dong a Boston a 2018 da na Yamaji a 2019 duk sun ga UGCG da B4GALT5 da A4GALT, kamar yadda aka yi zato, wanda ya nuna gwajin na tafiya daidai. Amma sun ga wasu da ba a yi tsammani ba, irin su LAPTM4A da TM9SF2, waɗanda kafin nan ba a san da hannunsu a ginin Gb3 ba.

Batun ɓeraye kuwa, sukarin jikin dabba da na mutum ba ɗaya ba ne. A 1998 aka gano cewa ƙwayar gado mai suna CMAH ta lalace a jinsin ɗan Adam, shi ya sa ba ma gina wani sukari da ake kira Neu5Gc, wanda ɓera da saniya da biri duk suke ginawa su ɗora a kan gangiliyosaid ɗinsu. Haka kuma shanu na ɗauke da E. coli mai dafin Shiga a hanjinsu suna kiwonsu lafiya lau, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne jijiyoyin jinin hanjinsu ba su da Gb3. Wanda yake son sanin abin da dafi ko bairos ke kamawa a jikin mutum, dole a wani mataki ya koma ga ƙwayar mutum.

Amma kada ki ɗauka an sallami ɓera. Ƙwayoyin GM-95 da na ambata suna rayuwa suna hayayyafa a faranti ba tare da wannan kitsen ba, kuma da a nan aka tsaya da an ce ba shi da wani muhimmanci. A 1999 ɗakin binciken Richard Proia a Amurka ya kashe UGCG a ɓera sukutum, sai ɗan tayin ya mutu tun a farkon ciki, a lokacin da ƙwayoyi ke fara rabuwa gida-gida don gina gaɓoɓi. Ashe babban aikin wannan kitsen yana tsakanin ƙwaya da maƙwabtanta ne, abin da ƙwayoyin da ke shimfiɗe a roba ba su cika nunawa ba. Wannan ne ya sa a 2020 masu bincike a Kofenhagen suka ɗauki ƙwayoyin fata da aka sauya wa gado suka rene su har suka yi hawa-hawa kamar fatar gaske, domin a ga aikin sukarin a cikin tsoka maimakon ƙwaya tilo.

Idan kin koma ga takardar da aka ba ku, ki duba ko masu ita sun mayar da ƙwayar gadon da suka kashe don su ga ko lamarin ya koma yadda yake, domin ba tare da wannan ba ana iya ɗora wa kitsen laifin wani yankan da Cas9 ya yi a inda ba a aike shi ba. Ki duba kuma ko zuriya ɗaya tak suka gwada, saboda ƙwayoyi irin HeLa gadonsu a hargitse yake, 'yan gida ɗaya ma sukan sha bamban. Akwai kuma tarkon da ɗalibai ba sa lura da shi: ruwan renon yawanci ana haɗa shi da ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ke ɗauke da nasa kitsen mai sukari da Neu5Gc, kuma ƙwayoyin na iya tsotsa su ɗora a jikinsu. Sannan idan an toshe reshe guda, ko sun auna abin da ya taru a sauran? Sau da yawa abin da ake gani ba rashin Gb3 ne ya kawo shi ba, yawan abin da ya taru a bayansa ne. A ganina takardar da ba ta amsa wannan tambayar ta ƙarshe ba, sakamakonta na buƙatar a riƙe shi da hannu biyu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, ba masanin kimiyya ba. Idan na ji an ce ƙwayoyin mutum na rayuwa a kwalba shekara da shekaru, sai gabana ya faɗi. Na wane ne? An nemi izininsa? Kuma wannan ba hanyar ƙirƙirar mutum ba ce? (Daga wani mai karatu a Maraɗi)

Amsa: Barka kadai, Malam. Ƙwayoyin da ake magana a kai ba maniyyi ba ne, ba ƙwan mace ba ne, kuma ba za su taɓa zama jariri ba. Ƙwayoyin tsoka ne da suka samu halin rabuwa ba iyaka, ko dai saboda daga ciwon daji aka samo su, ko kuma saboda an shigar musu da abin da ya cire musu birki. Gyaran gadon da ake yi musu a kwalbar yake tsayawa, ba ya shiga zuriyar kowa.

Tambayarka ta izini kuwa tana da nauyi, kuma tarihin bai wanke masana ba. HeLa ta samo asali ne daga Henrietta Lacks, baƙar fata 'yar Amurka, uwar 'ya'ya biyar, wadda ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a 1951 da ciwon dajin bakin mahaifa. An yanki ɗan ƙarin tsoka daga ciwon aka kai ɗakin binciken George Gey ba tare da an tambaye ta ba, kamar yadda aka saba yi a zamanin. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar tana da shekara 31, ƙwayoyinta kuwa suka bazu duniya, aka yi amfani da su har a gwajin rigakafin shan inna, alhali iyalinta ba su sani ba sai bayan fiye da shekara 20. A 2013 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta cim ma yarjejeniya da iyalin kan wanda zai iya duba bayanan gadon ƙwayoyin, a 2023 kuma kamfanin Thermo Fisher Scientific ya sasanta da su a ƙarar da suka shigar. HEK293 kuwa daga ƙodar ɗan tayin wani ciki da aka zubar a ƙasar Holan take, Frank Graham ya samar da ita a 1973 a ɗakin binciken Alex van der Eb da ke Leiden, kuma asalin nata ne ya sa har yau wasu masu addini ke ƙyamar duk abin da aka gwada da ita. Zuriyar ita ce dai ta farkon nan ke ta rabuwa, ba a komawa neman wani ɗan tayin don ci gaba da ita. Hukuncin amfani da irin wannan a shari'a na malaman fiƙihu ne, aikin wannan shafi shi ne ya ajiye musu bayanin yadda abin yake ba ragi ba ƙari.

A yau dokokin bincike sun wajabta neman yardar mai ba da tsoka a rubuce da kuma amincewar kwamitin ɗa'a. Tun 2007 kuma, bayan aikin Shinya Yamanaka na Japan, ana iya ɗaukar ƙwayar fata ko ta jini daga baligi da ya yarda, a mayar da ita ƙwaya mai iya zama ta jijiya ko ta zuciya. Ga masu nazarin gangiliyosaid wannan babbar riba ce, domin ƙwayar jijiya ce ainihin gidan wannan kitsen, ba ƙwayar ƙoda ko ta mahaifa ba.

Tambaya: Malam, duk wannan bincike na Turai da Japan, wane amfani yake da shi ga marasa lafiyar da muke gani kullum a asibiti? (Daga wata ma'aikaciyar jinya a Bauchi)

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Zan faɗa miki gaskiya: ba abu ne da zai sauya aikinki na gobe da safe ba. Mai amai da gudawa ruwan gishiri da sukari da tsaftataccen ruwan sha ne ke ceton ransa, ba ƙwayoyin kwalba ba. Amma cututtukan da kike gani suna cikin waɗanda binciken ya shafa kai tsaye.

Kwalara, wadda a 2021 aka yi zargin ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kuma kashe fiye da 3,000, akasari a jihohin arewa, dafinta yana da hannu biyar, kuma tun 1973 aka san yana kama gangiliyosaid mai suna GM1. Bayan ya kama ne yake shiga ƙwayar hanji ya sa ta riƙa zubar da gishiri, ruwa ya bi bayansa. An ɗauka zance ya ƙare a nan, sai a 2015 ɗakin binciken Jennifer Kohler a Dallas ya nuna da ƙwayoyin hanjin mutum cewa dafin na kama wasu furotin masu ɗauke da sukarin fukos, lamarin da ke da muhimmanci tunda GM1 ɗin da ke hanjin mutum kaɗan ne. Duk mai neman haɗa maganin da zai tare dafin kafin ya manne yana buƙatar sanin wannan.

Masu ciwon sikila kuma kin san yadda jininsu kan faɗi warwas cikin 'yan kwanaki idan ɓargo ya tsaya da aiki. Babban mai haddasa wannan shi ne bairos ɗin parvo B19. A 1993 aka bayyana cewa wani gilaikolifid mai suna gulobosaid, wanda shi ne alamar rukunin jini na P, shi ne ƙofar shigarsa, aka kuma lura cewa 'yan tsirarun mutanen da aka haifa ba su da shi ba sa kamuwa. A 2019 Jan Bieri da Carlos Ros na Jami'ar Bern a Suwizalan suka kashe ƙwayar gadon inzayim ɗin da ke gina shi a wata zuriyar ƙwayoyin jini ta mutum, sai suka ga bairos ɗin na shiga duk da haka, amma ya kasa ci gaba da hayayyafa. Ke nan gulobosaid ana buƙatarsa, sai dai a wani mataki na gaba, ba a bakin shiga ba. Shekara 26 littattafai na koyar da magana ɗaya kafin zuriya guda da aka sauya wa gado ta gyara ta. Zazzaɓin Lassa ma, ko da yake sukarin da bairos ɗinsa ke kamawa a kan furotin yake ba a kan kitse ba, irin wannan dabarar ce aka bi a Amsterdam a 2013 da 2014, da ƙwayoyin HAP1 masu kwafi ɗaya na yawancin gado, aka gano abubuwan da yake buƙata kafin ya shiga ƙwaya.

Akwai kuma cututtukan gado da ake samu idan jiki ya kasa narkar da wannan kitsen ya taru: Gaucher, Fabry da Tay-Sachs. Ba su da yawa, amma sanin hanyar ginin ne ya ba da maganin eliglustat da Amurka ta amince da shi a 2014, wanda ke rage aikin inzayim ɗin UGCG ga masu Gaucher don kada kitsen ya ci gaba da taruwa. Ƙwayar gadon da ke lalacewa a cutar Gaucher, wato GBA1, ita ce kuma aka san sauyinta na ƙara haɗarin kamuwa da cutar Parkinson mai sa karkarwa. A 2023 wani bincike da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, wanda yawancin marasa lafiyar da ke cikinsa 'yan Najeriya ne, ya gano wani sauyi a GBA1 da ya yawaita a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, wanda kusan babu shi a Turawa, shi ya sa binciken da aka daɗe ana yi a kansu bai taɓa ganinsa ba. Sauyin yana wani sashe na ƙwayar gadon da ba ya shiga furotin, don haka ba a gane nan take yadda yake cutarwa ba. A shekarar da ta biyo baya aka yi amfani da CRISPR aka sauya wannan harafi guda a ƙwayoyin mutum da ake reno, aka tabbatar shi ne ke sa ƙwaya ta kasa tsabtace saƙon GBA1 yadda ya kamata kafin ta gina inzayim ɗin, abin da ke rage yawan inzayim mai aiki da ake samu.